Sai An Ƙaro Ma'aikata

Lokacin da aka turo ni asibitin unguwar, ɗaki biyu ne da baranda, ma'aikata kuma ni da Yaya. Ba 'yar'uwata ba ce, shugabar wurin ce, amma tun ranar da ta raba abincinta ta turo mini rabi nake kiran ta haka. Mu ne masu allura, mu ne masu karɓar haihuwa, mu ne masu tsintsiya.

Burina ɗaya ne, a tura ni karatun ungozoma. Duk shekara gwamnati tana ɗaukar ma'aikaci guda daga kowane asibiti, amma sai shugabarsa ta je ofishin lafiya ta ce ta sake shi.

"Ƙanwata, in kika tafi wa zai kama mini?" in ji Yaya. "Bari a ƙaro ma'aikata, da ƙafata zan kai sunanki."

Aka ƙaro. Mai ba da magani ya fara zuwa, sai mai awon jini, sai 'yan mata sababbin fitowa daga makaranta waɗanda ko jijiya ba su iya samu. Yaya ta ce in tsaya hannunsu ya faɗa tukuna. Hannunsu yana faɗawa sai a turo wasu. Aka gina ɗakin kwanciya, aka kawo likita, har ta kai kujerun ɗakin hutu ba sa isar mu. Baban yara yana yi mini tsiya wai da jikata za mu shiga aji ɗaya. Ina dariya, don ban taɓa kawo komai a raina ba.

Bana da na ga mun yi yawa har ana rigima a kan wa zai huta, sai na shirya na tafi ofishin lafiya da kaina. Jami'in da ke kula da ma'aikata ya san ni, ya ba ni kujera, ya tambayi shekaruna. Da na faɗa sai ya girgiza kai.

"Hajiya, ai kin wuce shekarun da ake ɗauka tun bara waccan. Mu da kanmu mun sha kawo sunanki. Shugabarku ce take zuwa ta ce ba ki da ra'ayi, hidimar gida ta yi miki yawa."

Ban san yadda na sauko daga benen ofishin nan ba.

Na samu Yaya a ofishinta, fanka tana kaɗawa, tana cin abinci. Ta ce bismillah. Ban zauna ba.

"Yaya, ke kike cewa ba na so?"

Ba ta musa ba. Da ta musa ma da na ji sanyi. Ta goge hannu ta ce, "Da na sake ki, da wurin nan ya rushe a kaina. Ke ma kin sani."

"Kin san da maganar shekaru?"

"Na sani."

Wallahi na ji zafi, irin wanda ban ji ba ko ranar da aka zage ni a bakin aiki. Matar nan ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana, ni na yi jinyar mahaifiyarta.

Na juya zan fita sai ta ce, "Tsaya, dama ina neman ki. Tunda yanzu muna da ungozomomi masu takarda, an ce su kaɗai za su riƙa shiga ɗakin haihuwa. Daga Litinin kina wurin yankan katin marasa lafiya."

Na ce, "Su waɗanda na koya wa?"

Ta ce, "Doka ce, ƙanwata," ta jawo kwanonta.