Fitilun Gwaggo

Da Direba ya watsa wa fitilar motarsa ta hagu ruwa ya share da tsumma, sai ya ja da baya ya tsaya, samfefa a hannu, baki buɗe. Ɗazu fitilar rawaya-rawaya take kamar haƙorin mashayin taba, amma aƙalla ana hango ƙwan da ke ciki. Yanzu ta koma fara fat, kamar an shafe ta da madara.

"To, madalla," in ji matarsa, wadda ke zaune kan kujerar roba a inuwar katanga, bokitin ruwa a gabanta. "Garin neman gira an rasa ido."

"Kwandasta, ki yi shiru mana. Aiki ne bai ƙare ba."

"Na yi shiru. Ita ma fitilar na ga ta yi shiru."

Tun yana tuƙa manyan motocin fasinja yake kiran ta Kwandasta, ita kuma take kiran sa Direba, har 'ya'ya suka taso suka tarar, jikoki ma suka ɗauka. Da ya ajiye aiki, abin da ya rage masa na sitiyari shi ne wannan tsohuwar mota mai ruwan toka, wadda yara suka sa wa suna Gwaggo saboda ta girmi autansu, kuma ba ta tashi da safe sai an lallashe ta. Da ita yake kai matarsa kasuwa, da ita yake ɗauko jikoki daga makaranta, da ita yake zuwa tasha ya zauna da tsofaffin abokan aiki su yi ta kushe tuƙin yaran yanzu.

Makon da ya wuce ne, da magariba, ya shigo gida ya kankare ginshiƙin get da gefen bamba. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan titi ko kaza bai taɓa takawa ba. Kafin gari ya waye labari ya kai kunnen babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, wadda ƙannenta suke tsoro fiye da yadda suke tsoron sa. Ta kira su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta kira shi.

"Baba, mun yi shawara. Tuƙin nan ya isa haka. Duk inda za ka, a cikinmu wani zai kai ka."

"Uwata, fitila ce," ya ce mata. "Fitilun Gwaggo ne suka yi hazo. Ko ke kika shiga ba za ki ga ginshiƙin nan ba."

"Ran Asabar in na tashi aiki zan biyo. In fitila ce, zan gani. In ba ita ba ce, zan tafi da makulli."

Yau ce Asabar ɗin, ga shi rana ta take tsaka, ga fitila ta zama madara.

Ya goge hannu a wando ya ciro waya ya kira mai fentin mota na bakin kasuwa, wanda ya sayar masa da kayan da safe: samfefa iri uku, salatif, man gogewa a ƙaramin gwangwani, da wani abin fesawa. Yana ɗauka Direba ya fara faɗa. Mai fenti ya bar shi ya gama, sannan ya fashe da dariya har sai da Kwandasta ta jiyo daga inda take.

"Baba, ai na gaya maka za ta yi fari!"

"Yaushe ka gaya mini?"

"Lokacin da kake ba ni labarin yadda birki ya tsinke maka a gangare. Ni ina bayani, kai kana saukowa da fasinja. Mai kaushin ta cire ruɓaɓɓen saman da rana ta ci. Yanzu ka ɗauki ta tsakiya, sannan mai laushin. In ka goga waccan a kwance, wannan ka goga ta a tsaye. Kada ruwa ya yanke. Kuma ka liƙa salatif a gefe, kada ka cinye fenti."

Direba ya dubi gefen fitilar. Salatif ɗin na nan cikin leda, ko buɗe shi bai yi ba.

"Na liƙa," ya ce, ya kashe waya.

Kwandasta ta miƙa hannu ta ɗauko salatif ɗin ta nemo bakinsa da farce, ta miƙa masa.

Suka liƙe gefen fitilun biyu, shi yana ja, ita tana yankewa da almakashin ɗinkinta. Daga nan ta jawo kujerarta kusa, ta sami tsohuwar robar ruwa ta huda murfin da ƙusa, ta zama mai yayyafi. Shi yana gogawa, ita tana matsa roba. Ruwan da ke gangarowa kan bamba da fari rawaya ne kamar shayin da aka manta a kofi, sannu a hankali ya koma fari.

"Duk wannan dattin a jikinta yake?" ta tambaya.

"Ba datti ba ne, ita kanta robar ce rana ta dafa. Motocin da muka tuƙa a da, fitilarsu gilashi ce zalla. Ki wanke da sabulu, shi ke nan. Yanzu komai roba."

"Gwaggon ce 'yar yanzu?"

"A wajena yarinya ce."

Gwiwarsa ta fara ƙara. Ta tashi ta kawo masa matashin kujerar falo, wanda ko jikoki ba ta bari su taka, ta jefa masa a ƙasa. Ya dube ta, ya dubi matashin.

"Durƙusa kawai," ta ce. "In 'yarka ta karɓe makullin nan, ni zan sha wahala. Yini za ka riƙa yi a gida kana gaya mini yadda ake shanya kaya."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ya ci gaba da gogawa, sama da ƙasa, sama da ƙasa. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Kin san abokin nan nawa na tasha, wanda ya yi tuƙi tare da ni? Tun da 'ya'yansa suka karɓe motarsa bai ƙara zuwa ba. Sai an ga dama a kawo shi, a ajiye shi kamar buhu, a ce za a dawo ɗauka."

"Kai ba buhu ba ne," ta ce. "Buhu ba ya musu. Matsa can gefen, ka bar wani wuri."

Da suka kai ga samfefa mai laushi, wadda a hannu kamar takarda take, sai abin ya fara sauyawa. Duk sanda ta yayyafa ruwa, fitilar takan washe na ɗan lokaci, ƙwan ya leƙo, sannan ta sake lumshewa in ta bushe. Direba ya tsane ta sosai, ya lakato man gogewa da tsohuwar singileti, ya shiga murzawa da iya ƙarfinsa, yana zagayawa. Kafaɗarsa ta yi zafi. Ya canja hannu. Ya juya tsumman ya share.

Kwandasta ce ta fara gani. Ta dafe ƙirji.

"Kai! Direba, ga ni a ciki!"

Fuskarta ce a jikin fitilar, ta yi faɗi kamar faranti, ga bishiyar tsakar gida a bayanta. A ciki kuma ga ƙwan, ga azurfar da ke kewaye da shi tana walƙiya kamar ranar da aka fito da motar daga kamfani. Kusa da ita, fitilar dama ta zama abin tausayi, kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Direba ya miƙe da ƙyar, ya riƙe ƙugu, ya zagaya gaban motar ya dawo.

"Wa ya ce an rasa ido?"

"Wata mata ce, ta tafi."

Ta biyun ba ta ba su wahala ba, don yanzu sun san hanya. Da ta yi fari, har gaishe ta ya yi. Maƙwabcinsu mai gyaran firiji ya leƙo ta saman katanga ya ce a ina aka sayo sababbin fitilu, Direba ya ce daga waje aka aiko masa, sai da matarsa ta ɗaga masa samfefar da ta lanƙwashe. Suka ci abinci a tsaye a gindin mota. Da la'asar ya fesa abin da zai hana rana sake cin robar, siriri-siriri kamar yadda aka ce, wannan karon ya kira mai fenti ya saurara har ƙarshe. Sannan ya kafa kujera ya zauna gadi, yana korar ƙuda da kwali kada su sauka kafin ya bushe.

Rana na gab da faɗuwa 'yar ta iso, da kayan aikinta a jiki, jaka a kafaɗa. Ta gaishe su, ta tsaya gaban Gwaggo. Uban ya yi wanka ya sa riga mai guga, yana tsaye yana kaɗa makulli a yatsa kamar ba abin da ya dame shi.

"Baba, canja su ka yi?"

"Tambayi Kwandasta."

"Da hannunsa," in ji uwar. "Da matashina."

Ya shiga ya tayar da motar, wadda ta tashi a bugu ɗaya kamar ta san abin da ake ciki. Ya kunna fitila. Haske ya daki katanga, fari tas, har ƙadangaren da ke maƙale a kai ya ruga. 'Yar ta kare ido da hannu tana dariya.

"Gani ya kori ji," ya ce ta taga. "Ku shigo mu zaga."

Uwar ta zauna gaba, 'yar a baya. Ya fita get a hankali, ya hau titi. Duhu ya fara sauka, shaguna sun kunna fitilunsu. Hasken Gwaggo ya shimfiɗu a kan kwalta, dogo, mai faɗi. Ya kauce wa rami, ya ba mai keke hanya, ya sa giya ba tare da motar ta ko girgiza ba. A madubi ya ga 'yar ta saki jiki ta jingina.

"Oh, duniya," in ji Kwandasta. "Ashe haka titin nan yake. Dubi allon can, tun daga nan nake karanta shi. An buɗe sabon kantin magani, hawa na biyu."

"Har lambar waya ana gani," in ji 'yar.

Direba ya dubi inda suke nunawa. Ya ga allon, ya ga haske ya sauka a kansa sosai. Amma rubutu bai gani ba, sai wasu baƙaƙen layuka da suka narke cikin juna. Ya ƙifta ido, ya sake dubawa. Sai da suka zo dab da shi haruffan suka rarrabu. Wata mota ta taho daga gaba, fitilunta suka fashe masa a ido suka zama manyan ƙwallaye masu gashi, titin ya ɓace na ɗan lokaci. Ya sassauta, ya riƙe hannunsa na hanya yadda jikinsa ya saba, har ta wuce. Babu wanda ya lura. Matan biyu suna can suna gardama a kan ko kantin ya fi na unguwarsu araha.

A kwanar gaba ya tuna jikarsa ƙarama, yadda takan ƙwace hannu ta rugo kan titi in ta hango motarsa a bakin makaranta.

Ya zaga ta bayan kasuwa ya dawo gida. Ya shiga get tsaf, tsakaninsa da ginshiƙi har mutum zai iya wucewa. Ya kashe mota. Kwandasta ta tafa masa.

'Yar ta leƙo tsakanin kujeru ta dafa kafaɗarsa. "Baba, ka yi haƙuri. Fitila ce. Zan kira su in gaya musu. Makullinka naka ne."

"Kin ji ko?" ya ce wa matarsa. "Ki zama shaida, yau Uwata ta ba da haƙuri."

"Na ji. Har na so a ce na ɗauka a waya."

Suka yi dariya, suka buɗe ƙofofi. Shi bai motsa ba. Yana zaune, hannu ɗaya a kan sitiyari, yana juya makullin a tafinsa.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Likitan ido na wajenku, wace rana yake zama?"

Ƙafarta ɗaya a waje ta tsaya. Ta dubi uwarta, uwar ta dubi mijinta. Ba wanda ya tambaye shi dalili.

"Talata," ta ce a hankali. "Da safe."

"To ki zo ki kai ni." Ya miƙa mata makullin ta saman kafaɗa, bai waiwaya ba. "Ajiya na ba ki, ba kyauta ba. Kuma a Gwaggo za mu je, ba a wannan motar taki mai kamar akwati ba. Ba zan yini ina goge fitila wani ya fi ni shiga ba."

'Yar ta karɓa da hannu biyu.

Kwandasta ta sauka ta rufe ƙofa, ta tsaya tana gyara mayafi. Sannan ta sunkuyo ta taga.

"Ki gaya wa likitan," ta ce wa 'yar, "in zai yi masa bayani, ya fara bari ya gama saukowa daga gangare."