Uban Ƙungiyar Batsari

Malam Rabe ya kafe babur ɗinsa a gindin dalbejiya yana ta bitar hujjojinsa a baki, kamar ɗalibin da za a karɓi haddarsa. Shi ne shugaban ƙungiyar ƙwallon kwando ta makarantun sakandaren Safana, kuma yau ne za a yanke inda za a buga gasar ƙarshen shekara: Safana ko Batsari.

Shekara uku ana wannan ja-in-ja. 'Yan Batsari su ce filin Safana shanyar gyaɗa ce kawai, sai an kori awaki kafin a jefa ƙwallo. 'Yan Safana su ce filin Batsari gangare ne, ka ajiye ƙwallo ta kama hanyar kasuwa da kanta. Duk gaskiya suka faɗa.

Amma bana abin ya wuce wasa a wurin Rabe. 'Yan mata bakwai ya horar tun suna aji ɗaya, bana za su gama, ba su taɓa buga gasa ba. Iyayensu sun faɗa masa baro-baro: yadda hanya ta lalace da 'yan bindiga, ba 'yar da za ta hau mota don ƙwallo. In aka kai gasar Batsari, su Naja'atu kyaftin sai dai su ji labari.

"Yau fa kada ka saurara musu," in ji Malama Zuwaira mataimakiyarsa, suna shiga ajin da ake taron.

"Ni? Ki zuba ido kawai."

Yana sa ƙafa ya ƙame. A kujerar gaba, kusa da Malam Muntaka shugaban ƙungiyar Batsari, ga Alhaji Sammani zaune cikin babbar riga yana jan carbi. Tsohon hedimasta ne, wanda bai san ko da hannu ake buga ƙwallon kwando ko da ka ba. Kuma shi ne mahaifin Mardiya, matar Rabe.

Tuni Rabe ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Baba, ina kwana. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Yaya iyali?"

"Suna gaishe ku."

Muntaka ya washe baki har kunne. "Af, na manta ban sanar da ku ba. Jiya muka naɗa Alhaji uban ƙungiya. Shi zai yi magana da yawunmu."

Jiya! Kai, Muntaka bai da dama. Kowa a ɗakin ya san Rabe bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba, ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba, balle ya ce masa filinku gangare ne.

Malam Tayyib, jami'in da aka turo daga Katsina ya raba gardamar, ya buɗe taro da addu'a, ya ba Batsari dama. Alhaji ya karanta takardar da aka rubuta masa, yana tuntuɓe a kan kalmomin wasan, har da batun awaki. Sannan aka ce Safana.

Rabe ya miƙe, ya tuna bai kamata ya tsaya a kan Alhaji ba, ya koma ya zauna. Zaman kujerar ma ya ga ya yi yawa, ya zame ya tsuguna. Gumi ya jiƙa masa hula.

"Malam Rabe, ka yi magana mana!" Zuwaira ta raɗa masa. "Gangaren! Ka faɗi gangaren!"

Ya buɗe baki. Fuskar Naja'atu ta faɗo masa a rai, zuciyarsa ta yi zafi ƙwarai, amma abin da ya fito daban ne.

"Duk abin da Baba ya yanke, shi ke nan."

Zuwaira ta dafe kai. Muntaka har ya fara tattara takardunsa.

Alhaji Sammani ya daina jan carbi. Ya dubi surukinsa a tsugune, ya dubi jama'a, sai ga shi shi ma yana gyara hula yana kallon ƙasa.

"Muntaka," ya ce a hankali, "wato kun ɗauko ni ne in ƙwace abu a hannun yaron nan, bayan ya sakar mini? Gobe a ce a kasuwa Sammani ya danne mijin 'yarsa a bainar jama'a? Haba. Ni ma ai ina da kunya. Malam, rubuta Safana."

"Alhaji, ai ba haka muka yi da ku ba!"

"Ni ne uban ƙungiya ko kai?"

Ɗaki ya ɗauki dariya, Malam Tayyib ya rubuta da sauri kafin wani ya sake shawara.

A waje Rabe ji yake kamar ya taka rawa. Ya iske Muntaka yana ta dukan kik ɗin babur, babur ya ƙi tashi.

"Sannu da naɗin sarauta," Rabe ya ce. "Ku zo da tsintsiya, akwai sharar gyaɗa."

Muntaka bai yi dariya ba. "Mazan za su zo. Amma 'yan matana takwas ba za su zo ba, Rabe. Abin da iyayen 'yan matanka suka faɗa maka, shi iyayen nawa suka faɗa mini. Kana tsammanin don son gangare na yi wannan rashin kunyar?"

Murmushin Rabe ya tsaya. Ƙungiyar mata biyu ce kacal a shiyyar baki ɗaya.

"To nawa da wa za su buga?"

"Da awaki, ina ji."

Can Muntaka ya nuna Alhaji da haɓa, yana tsaye yana jiran motar da za ta mai da shi gida.

"Rabin iyayen nan shi ya koyar da su. In ya ce zai shiga motar da yaran, da rana tsaka, tare da rakiya, wataƙila su yarda. Ni dai na gama zubar da mutuncina a wurinsa yau. Sai kai."

Rabe ya nufi Alhaji. Ya taka a hankali, ya durƙusa a gaban tsohon.

"Baba," ya ce, "ina da magana, kuma tana da ɗan tsawo."