Gangar Rafia

Shekaru da dama Mutaru ya yi yana yi wa matarsa Rafia ba'a a kan duwatsu, kuma a ganinsa yana da hujja. Mace ta baro Kumasi, ta tsallako teku, ta wuni tana ɗaga tsofaffin Turawa daga gado zuwa kujera, sannan ta dawo ɗakinsu na unguwar Jamaica a Amurka ta zauna tana yi wa tsakuwa wanka. Har ƙungiya gare su, ta masu goge duwatsu da ƙera sarƙa da 'yan kunne, suna haɗuwa a ƙasan wani gini a St. George. Sai an shiga jirgin ƙasa, an shiga jirgin ruwa, kafin a je a yaba wa dutse.

Kayan aikin ba su da yawa. Wata 'yar ganga ce ta baƙar roba, kwance a kan ƙaramin inji. A zuba duwatsu, a zuba ruwa, a zuba wani baƙin gari mai kaushi kamar yashi, a rufe, a kunna. Ganga ta yi ta juyawa ba dare ba rana a bayan ƙofar kicin, tana ƙugi kamar ana ruwa a kan kwanon gidan maƙwabta. Mutaru direba ne, yana tuƙa bas ɗin ma'aikata a filin jirgin sama. Ya sha cewa a wurin aiki jirage, a gida ganga, kunnensa ne kaɗai bai taɓa samun hutu a Amurka ba.

"Allah ya yi dutse yadda ya ga dama," yakan ce mata, "ke kin ce da saura."

"Kai ma haka na same ka," in ji Rafia. "Ga shi ina ta gogewa."

Ƙungiyar na da al'ada guda da ba ta wasa da ita. Duk ƙarshen shekara suna walima, kuma ba a ba da katin gaisuwa. Dutsen da mutum ya goge da kansa shi zai ɗora a tafin hannun ɗan'uwansa, ya yi masa barka. Turawan cikinsu mutanen kirki ne masu tsoron ɓata wa Musulmi rai, saboda haka ba sa ambaton Kirsimeti. Sai su ce "Happy holidays", wato barka da hutu, a hankali, kamar masu tsallaka kwata. Rafia ta ce ita kullum "Amin" take amsa musu, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta me ya sa.

Mutaru bai taɓa zuwa ba. Lokacin hutun mutane shi ne lokacin da filin jirgi ya fi cika, kuma ko da bai cika ba da ya nemo wani dalilin.

A bazarar bana ta nuna masa wani jan dutse, girman goro, mummuna kamar ɓallin bulo. Ta samo shi ne a wurin Ismaël, wani mutumin Agadez da ke kasa kaya a Canal Street, wanda kuma shi ne maƙerin azurfa na ƙungiyar.

"Wannan naka ne," ta ce. "Zobe za a yi maka. Bana ƙafarka ƙafata, a gaban mutane zan ɗora maka shi a hannu."

"Ni da jan zobe? Fasinjoji su ce direba ya fara bokanci."

"Su ce. Kuma kada in ji ka leƙa gangar nan kafin ranar."

Ta jefa shi cikin sauran duwatsun ta rufe.

Wata Talata a watan Agusta Rafia ta yanke jiki ta faɗi a gidan tsohuwar da take kula da ita. Tsohuwar, wadda ta haura casa'in, ita ta kira motar asibiti, kuma har yau tana nan da ranta tana cin abinci sau uku.

Aka yi jana'iza, aka yi zaman makoki. Ɗakin ya cika da takalma da kuloli. Wani daga cikin masu ta'aziyya ya ga ƙarar gangar ba ta dace da karatun da ake yi ba, ya miƙa hannu zai zare waya. Mutaru ya ce masa ya bar ta, da wata murya da ta sa mutumin ya koma ya zauna. Daga baya mutane suka watse, 'yarsu Nadia ta koma makaranta a wata jiha, kulolin suka koma gidajen masu su. Ganga kaɗai ta ci gaba da abin da Rafia ta sa ta.

Abu biyu Mutaru ya sani game da sana'ar, duk da shekarun da ya yi yana kallo ta gefen ido. Na farko, duk Juma'a Rafia na buɗe gangar ta zuba gari. Na biyu, ba a zuba lakar a wurin wanke kwanuka, tana toshe bututu. Saboda haka duk Juma'a in ya dawo daga masallaci sai ya sassauta murfin, ya kau da kai, ya tsiyaye laka a bokiti, ya ƙara ruwa, ya zuba baƙin garin cokali cike, ya rufe. Bai leƙa ba ko sau ɗaya. Tana da rai bai cika jin maganarta ba, amma wannan ya riƙe ta gam. Akwai wasu kwalabe a kan kanta, garinsu ya fi laushi, ɗaya ma fari fat kamar fulawa. Ya ɗauka na wasu irin duwatsun ne. Da baƙin ya ƙare ya ɗauki hoton kwalbar ya tura wa Nadia ta sayo masa wani. Ta tambaye shi da Turanci ko lafiyarsa ƙalau, ya amsa mata da Hausa cewa ƙalau.

Ƙarar ta yi ta laushi. Da farko ƙwaram-ƙwaram take yi, daga baya ta koma shuu, kamar mutum na numfashi a ɗaya ɗakin. Mutaru ya ji daɗi, ya ce aiki na kyau. Da wannan ƙarar yake cin tuwonsa a tsaye, da ita yake barci.

A watan Disamba Balki ta kira shi. Bakanuwa ce, ma'aikaciyar jinya, ita ce ƙawar da ta fara jan Rafia cikin ƙungiyar, kuma Mutaru bai taɓa yafe mata ba.

"Baban Nadia, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Hajiya."

"Walimarmu ranar Lahadi ce. Mun ce ba za mu ɗauke kujerar Rafia ba. Ka zo ka zauna a kai."

"Ina da aiki."

"Ba ka da shi, na tambayi Nadia. Tsaya, wace ƙara nake ji haka? Gangar ce?"

"Ita ce. Ban taɓa kashe ta ba."

"Wa ke sa mata gari?"

"Ni mana. Duk Juma'a."

"Kai? Kai da kake cewa mu masu yi wa tsakuwa wanka?" in ji ta. "Ikon Allah. To ka taho da ita a rufe, mu buɗe tare."

Ranar Lahadi da hantsi ya zare wayar. Shirun da ya biyo baya bai yi masa daɗi ba, sai ya yi sauri ya naɗe gangar a cikin wani zanen Rafia ya fita. A jirgin ruwa baƙi sun taru a gefe guda suna ɗaukar hoton wani katafaren mutum-mutumin mace mai riƙe da fitila a tsakiyar ruwa. Mutane ɗauke da jakunkunan kyaututtuka, wasu da jajayen huluna masu tuntu. Wata mata ta ga yadda ya rungume ƙunshin a ƙirjinsa ta leƙo tana murmushi, da ta ga ba jariri ba ne ta yi masa barka da hutu ta matsa.

Ɗakin taron na ƙasa ne, ba taga, an rataya ƙananan fitilu masu walƙiya a jikin bututun ruwa. Akwai biskit da shayi, da tsofaffi cikin rigunan sanyi masu hoton barewa. Duk sun san sunansa. Wannan ya ba shi kunya fiye da yadda ya zata, domin shi bai san sunan kowa ba, ya dai san laƙabin da ya riƙa raɗa musu a gida.

Ismaël ya ja shi gefe ya buɗe wani ƙyalle. Zoben azurfa ne, mai kauri, da gurbin dutse a buɗe.

"Yaya, ga naka. Marigayiya ta kawo mini zare, ta ce ta auna yatsanka kana barci. Dutsen kaɗai ake jira."

Aka kewaye tebur. Balki ta ɗora rariya a kan bokiti, ta buɗe murfin, ta juye. Laka ta fito, toka-toka, mai kauri. Ta zuba ruwa, laka ta wuce. Ta ƙara zubawa. Mutaru yana jira duwatsu su bayyana, ruwa kuwa sai tafiya yake da abin da ke cikin rariyar. Da ya tsaya, abin da ya rage bai cika tafin hannu ba. Wasu 'yan ƙwayoyi ne kamar wake, sumul-sumul, ba ƙyalli ko kaɗan.

Wani tsoho ya ajiye biskit ɗinsa.

"Baban Nadia," in ji Balki a hankali, "wane gari kake zubawa?"

"Baƙin."

"Baƙin kawai? Tun watan Agusta?"

"Shi na ga tana zubawa."

Balki ta goge hannunta a tawul, ta daɗe tana gogewa.

"Baƙin ci yake yi. Na farkon aiki ne, don ya cinye kaifin dutse. Daga nan a wanke, a koma mai laushi, a koma wanda ya fi shi, har a kai ga farin. Farin shi ke sa ƙyalli. In ka yi ta ba su baƙin, ba abin da zai yi sai ci."

"To sauran yana ina?"

Ta dubi bokitin. Sai Mutaru ya ga kansa duk Juma'a yana sauka bene da bokiti, a hankali don kada ya ɓata matakala, yana juye shi a bayan gini kusa da kwandunan shara. Wani lokaci lakar takan yi ɗan ja-ja. Ya ɗauka tsatsar bokitin ce.

Shugaban ƙungiyar, wani dogon Bature mai tabarau biyu a wuya, ya dafa kafaɗarsa ya ce kada ya damu, kowa ya taɓa yin wannan kuskuren a karon farko, na biyu zai fi kyau. Mutaru ya yi masa godiya. Mutumin da zuciya ɗaya ya faɗa.

Ismaël ya tona rariyar da yatsa ya zaro jan. Ya koma kamar ƙwayar masara. Ya ɗora shi a gurbin zoben, dutsen ya zurma ta ƙasa ya faɗo a tebur ya gangara, sai da Balki ta tare shi da gefen hannu.

"Bon," in ji Ismaël da Faransanci, yana sosa gemu. "Zobe dai a'a. Sai dai ko ɗan kunne."

"Guda ɗaya," in ji Mutaru. "Dama abin da ya rage wa direba ke nan."

Ba wanda ya yi dariya. Wadda za ta yi ba ta nan.

Al'ada kuwa ba ta fasuwa don wani ya yi ɓarna. Aka fara gaisuwa. Ɗaya bayan ɗaya suka zo gaban kujerar Rafia, suna ɗora masa duwatsu a hannu, kore, shuɗi, mai ratsi-ratsi, duk suna ƙyalli kamar an lashe su. Ba shi da abin ramawa sai waken da ke cikin rariya, shi ya riƙa tsinta yana ba kowa ƙwaya guda. Suka riƙa karɓa da hannu biyu. Wata tsohuwa ta sa nata a cikin akwatin maganinta tana share ido.

"Happy holidays," suke cewa.

"Amin," yake amsawa.

Balki ce ta ƙarshe. Ta ɗauko jan dutsen daga tebur, ta kamo tafin hannunsa za ta ɗora masa.

"Bari, Hajiya," ya ce. "Ba ke aka ce za ki ba ni ba."

Ta mayar da shi tebur. Ya ɗauka da kansa ya sa a aljihun riga.

Ya isa gida kafin magariba. A ƙofar gini ya tsaya, ya durƙusa ya kwashi tsakuwa cike da hannu daga gindin wata bishiya, irin tsakuwar da ba ta da kowa. Ya hau sama, ya zuba ta a ganga, ya ƙara ruwa, ya rufe, ya kunna.

Wata ƙara ta tashi kamar ana jan kwanuka a kan siminti. Ya tsaya yana jira ta lafa, ba ta lafa ba. Can sai maƙwabcinsa na ƙasa, wanda bai taɓa yin ƙorafi ba duk tsawon shekarun nan, ya fara buga rufinsa da sandar tsintsiya.

Mutaru ya zare wayar.

Yanzu yana jin firij, yana jin talabijin ɗin maƙwabta, yana jin wani jirgi na saukowa can wajen aikinsa. Ya zauna a kujerar kicin da rigar sanyinsa a jiki. Ya ciro jan dutsen ya ajiye a gabansa, ya ciro zoben ya zura a yatsa. Ya zauna masa daidai, bai matse ba, bai yi sako-sako ba. Ta cikin gurbin yana ganin fatar yatsansa.