Ordinatar Ɗan Fari

Kailu mai gyaran ordinata, watau kwamfuta, a bakin kasuwar Filinge yana da doka guda, kuma ya fi mai wa'azi maimaita ta: a kwashe kafin a taɓa. Duk na'urar da aka kawo masa, sai ya juye abin da ke cikinta a wani diski nasa kafin ya sa mata hannu. Har tsokanarsa ake yi, wai ko rediyo ka kai masa sai ya ce bari ya kwashe labarai tukuna.

To, shekarar da sojoji suka karɓi mulki an sauya shugabannin ma'aikatu, kowane sabon shiga ya aiko da na'urorinsa a duba. Diskin Kailu ya cika maƙil da takardun gwamnati. Ana cikin haka, wata Lahadi kasuwa na ci, wani saurayi mai suna Alhassan ya shigo daga Tabla rungume da ordinata a cikin zane, mahaifiyarsa Inna Delu na biye da shi.

Ta wansa ce, Yahaya, ɗan farin Inna Delu, malamin lakwal, watau makarantar boko, da ya daɗe yana koyarwa can arewa. Zazzaɓi ya ɗauke shi, aka binne shi a can, kayansa kawai suka iso gida. Na'urar takan tashi ta nuna hoto, sai ta daskare. Alhassan na so a gyara ya tafi da ita Yamai karatu.

Kailu ya duba, ya ce sai an wanke ta tas an sake zuba mata komai. Kwashewa kuwa sai ya nemo wani diski, watau sai wata Lahadi ke nan, ga yaron na roƙo wai gobe zai wuce Yamai. Sai Kailu ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya tambaya. A gaban benci cike da maza masu shan shayi ya juya wajen tsohuwar.

"Inna, akwai hotunan marigayi ciki, wataƙila har da muryarshi. Kina son a aje miki?"

Ta ja mayafi, ta kau da kai wajen ƙofa. "Ina ruwana da kayan wancan? Ku yi aikinku."

Haba Kailu! Kai fa haifaffen ƙasar nan ta Kurfai ne, kuma kai ma ɗan fari. Uwarka har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunanka ba, ba ta yarda ta haɗa ido da kai a gaban mutane ba, amma kullum tsoka na ɓoye a ƙarƙashin tuwonka. In wani bai san kunyar ɗan fari ba, ai kai ka sani. Amma gaggawa aikin Shaiɗan ce. Ya ji abin da ya yi masa sauƙi, ya danna, kafin la'asar na'ura ta tashi sabuwa ful.

Shekara ta zagayo. Sojoji suka miƙa mulki, aka sake sauya shugabanni, aka aiko masa ya share takardun da ya adana, wai ba mai bukatarsu. Diski ya koma fayau.

Bayan girbi ne ya hango wata tsohuwa zaune a inuwa tsallaken hanya tun hantsi, ba ta saye, ba ta sayarwa. Sai da aka kira azahar, benci ya watse, sannan ta tsallako. Ta ajiye ƙullin wake a gefen teburinsa, suka gaisa, ya gane ta, Inna Delu ce.

Murya ƙasa-ƙasa ta ce har Tabla an san shi, kowa na faɗin ba ya taɓa na'ura sai ya kwashe abin da ke ciki. Shi ya sa ta hana a kai ta Yamai gyara, shi ya sa ta biyo yaron ran nan. Ta jira ne mutane su manta, ta samu ta fito ita kaɗai. Yanzu ta zo ya nuna mata.

Kailu ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya faɗa mata gaskiya: bai kwashe ba, kuma bayan shekara guda ana aiki da na'urar, ba abin da za a iya tonowa. Bakinsa ya suɓuce ya ce ai ya tambaye ta.

"Gaban maza ka tambaye ni, ɗana. Mi za ni ce?"

Ta daɗe tana kallon diskin da ke kan tebur, sannan ta ce tunda shi ya ga hoton da ke fitowa in an kunna, ya faɗa mata abin da ya gani. Ita ba ta taɓa tsayawa ta ƙare masa kallo ba, kullum tana cewa akwai lokaci.

Kailu ya lalubo ɗan abin da ya rage a kansa: mutum tsaye a gaban allo, farar riga, alli a hannu, yana dariya, da wushirya.

"Ya yi ƙiba?"

Wallahi bai tuna ba. Ya ce ya yi, Inna, ya yi kyau da shi.

Ta gyaɗa kai. Ta buɗe baki za ta yi godiya, a nan ya ga wushiryarta, irin ta marigayin sak. Ya miƙa mata ƙullin wakenta, ta ce ya bar shi, ai don shi ta kawo. Ta gyara mayafi ta fita da sauri, kafin maza su dawo daga masallaci.