Girkin Ardis da Kwangilar Ƙanƙara

Orrin mijina ya faɗo daga tsani a farkon kaka, wajen gyaran indararon da na ce masa ya ƙyale. Ƙafa ta karye. Kafin mu dawo daga asibiti labari ya gama gari, kuma a garinmu da zarar an ji mutum ya kwanta, mata sai su kunna murhu. Ba a tambayar ko kana so. Kwano bayan kwano zai yi ta shigowa har firji ya ƙi rufuwa.

Ardis Kuehn ce ta fara zuwa, kamar kullum. Ƙawata ce tun muna 'yan mata, ba ni da kamarta a duniya. Tana rungume da gasasshen dankalinta mai naman sa da cuku, wanda Orrin ke cewa ya fi nawa, a gabana kuwa.

Matsalar ita ce ni ce jami'ar sayayya ta ƙaramar hukumarmu. Daga tsintsiya zuwa motar kashe gobara, ta hannuna ake saye. A makon nan aka yi shelar kwangilar share ƙanƙara daga tituna, kuma Vern mijin Ardis, da ya sayi sabuwar motar ture ƙanƙara, ya shiga nema a karon farko. Ƙa'idar aikinmu a fili take: daga ranar shela har a ba da kwangila, ko kofi ba a karɓa daga mai nema ko iyalinsa.

Na tare bakin ƙofa.

"Ke Marlys, matsa, hannuna na ƙonewa."

"Ba zan iya karɓa ba, Ardis. Vern yana neman kwangila."

Ta dube ni, ta dubi kwanon. "Dankali ne fa. In toshiya zan ba ki, ai da kaza na gasa."

Daga kan kujera Orrin ya ɗaga murya. "Ni ba ma'aikacin gwamnati ba ne, a miƙo ta taga."

Ba ta yi dariya ba. Ta juya da kwanonta ta shiga mota. Ranar Lahadi a coci ta sauya benci, abin da ko lokacin da 'ya'yanmu suka yi faɗa ba ta yi ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ga haushin cewa ni ce mai gaskiya kuma ba ta amfane ni da komai ba.

Litinin na kira Glenda Sorlie, shugabar reshen ƙungiyar jami'an sayayyar gwamnati a yankinmu. Ƙungiyar ce ke horar da mu, ta yi mana jarrabawa, ta tara mu taron shekara mu ci busasshiyar kaza muna gardama a kan ƙa'idoji. Amma babban amfaninta a wurina shi ne akwai wanda zan kira ya saurare ni ba tare da ya ɗauke ni mahaukaciya ba.

Glenda ta yi dariya har da tari. "Bana dankali ne? Bara wani cinyar barewa aka ajiye masa a ƙofa, ya yini yana yawo da ita a mota."

"Na dai yi daidai, ko?"

"Kin yi. Sai dai ba nan ɓarakar take ba. Ko kin ci ko ba ki ci ba, mijin aminiyarki ne. Bai kamata ke ce za ki auna shi ba."

Raina ya ɓaci. "Kina nufin zan yi son kai?"

"A'a, 'yar'uwa, na san halinki. Danne shi za ki yi don kada a ce."

Ta faɗi abin da ban yarda na faɗa wa kaina ba. Ta ce in sanar da shugabanni alaƙarmu in janye hannuna. Reshenmu na da tsarin aron juna saboda ƙananan garuruwa irin namu, inda kowa surukin kowa ne. Za ta turo mini wani.

Wanda ta turo Curtis Bjelland ne daga wata gunduma, dogo, mai rowar magana. Da burodinsa ya zo, da butar kofinsa, don kada ya sha na kowa. Ya zauna a kujerata, ni kuma na koma ƙarshen baranda ina odar fitilun titi kamar baƙuwa a ofishina.

Vern bai samu ba. Wani kamfani daga garin gaba ya fi shi motoci, ya fi shi rangwame. Curtis ya yi bayaninsa a gaban majalisar gari, ya naɗe tabarmarsa ya tafi. Na koma gida na ce wa Orrin shi ke nan, na rasa Ardis.

"Ni ma na rasa," in ji shi, da alhinin da na san ba na ƙawance ba ne, na dankali ne.

Kwana biyu bayan haka, da rana tsaka, na ji an turo ƙofar kicin ba ƙwanƙwasawa. Mutum ɗaya ce ke yi mini haka. Ta cire rigar sanyi, ta ja kujera ta zauna, fuska a murtuke.

"Wane ne wannan Curtis ɗin?"

"Mutumin kirki ne, Ardis."

"Kada ki ɓata mini shi. Tun shekaranjiya Vern ke tsine masa, ya zagi tsawonsa, ya zagi takalminsa, ya zagi gundumarsu baki ɗaya. Ni ma ina taya shi."

"Ni fa?" na tambaye ta.

"Da ke ce kika kayar da shi, da sunanki ne a bakinsa. Kuma mijina ne, dole in zauna in ji." Ta share ido da bayan hannu. "Ki yi wa ƙungiyar nan taku godiya. Sun ara mana wanda za mu zaga."