Ƙwan Kazar Mahasin

Kazar Mahasin ta mutu ta bar ƙwai tara. Mahasin, maƙwabciyar Sabuwa a unguwar Hayyin Ashir, tana shirin komawa Sudan, sai ta ba ta su, ta ce, "Ki ƙyanƙyashe, ki samu abokan hira."

Sabuwa ba ta da wata ƙawa a Alƙahira. Ta jera ƙwan cikin kwali a saman bene, ta rataya musu fitilar lantarki don ɗumi, ta sa ma'aunin zafin mijinta na gilashi, kullum tana juya su. Saura kaɗan su fashe, ta tafi kwana wajen Mahasin don taya ta ɗaure kaya.

Kafin ta fita, mijinta Ɗantsoho ya hau saman da abokinsa Ukasha, mai karatun kimiyya a Giza. Ukasha ya zaro nasa ma'aunin mai batir ya cusa a kwalin. Na gilashi ya ce talatin da bakwai, nasa ya ce talatin da tara.

Ukasha ya ce, "Naka maƙaryaci ne, Malam."

"Naka dai, ɗan boko. Nawa tun daga Kano yake faɗin gaskiya."

Ukasha ya yi dariya. Ya ce ai Turawan farko ma sun sha wannan rigima: wani ya fara ƙirga daga ƙanƙara mai gishiri, wani ya kira tafasasshen ruwa sifili. Abin da ya raba gardama shi ne ƙanƙara da ruwan zafi.

Ɗantsoho ya ce, "Yalla, maza a kawo buta!"

Sabuwa ta ce a hankali, "Don Allah Malam, a kula da fitilar."

"Tamam, je ki."

Soket ɗaya ne a saman benen. Suka zare fitilar suka jona butar lantarki. Suka gwada, suka sake gwadawa, kowa ya ce nasa ne daidai. Aka kira magariba suka sauka suna musu. Lokacin sanyi ne.

Washegari Sabuwa ta tarar da kwalin ba haske, ƙwan kamar duwatsun rafi. Ta fasa ɗaya. Ɗan tsako ne cikakke, har da gashi da baki, ya naɗe ba motsi.

Ɗantsoho ya leƙo. "Ma'alish, yi haƙuri. Amma fa kin san nawa ma'aunin ne ya..."

Ba ta ɗago ba. Ta naɗe su duka a tsumma ta sauka da su. A ƙofar gida Mahasin na loda kaya a mota, ta tambaye ta, "Yaya 'ya'yana?"

Sabuwa ta ɓoye ƙullin a bayanta ta ce, "Suna nan lafiya."