Madubin da Ishaq Ya Tsayar

Kwana goma sha tara ke nan madubin Ishaq bai motsa ba. Shi da kansa ya tsayar da shi.

Kwamfuta ce a ƙuryar shagonsa a Gummi, kusa da batiran sola. A cikinta akwai kwafin babbar rajistar da ake rubuta kowane rukunin adireshin intanet na Afirka da sunan mai kula da shi. Masu sana'ar suna ce wa irin kwafin nan madubi. Kowace safiya yakan jawo canje-canjen da aka yi a babbar rajista, ɗaya bayan ɗaya, ba ya tsallake ko guda. Da abin da ke cikinsa na'urar Ishaq take gane saƙon da za ta bari ya wuce.

Yayansa Halilu ne ya kafa eriyoyinsu na intanet, daga Gummi har Bukkuyum. Ishaq yana karatu a Malesiya lokacin. Shekara shida, muryar Halilu kawai ya sani, a waya. Ishaq ya dawo da wata biyu mota ta kife da Halilu a hanyar Anka, ya rasu.

Dole a canza sunan mai kula. Ishaq ya aika takardu, can babbar rajista suka amince, suka goge Halilu suka sa shi. Kafin gogewar ta iso Gummi ya tsayar da madubin. A nan kaɗai, in ya rubuta sunan, allo yana amsawa: Halilu Dabo, Gidan Inna Sahura, bayan mahauta, Gummi. Da lambar waya. Da layin da Halilu ya ƙara, wanda injiniyoyin duniya ba su san me za su yi da shi ba: A kira bayan la'asar.

Ran Laraba da hantsi Agatha ta sauka daga kan mashin, laka har gwiwa. Ma'aikaciyar jinya ce a ƙaramin asibitin Nasarawa Burkullu, kuma ta eriyar su Ishaq take tura sakamakon gwajin jinin yara zuwa Abuja.

"Malam Ishaq, sati biyu ba abin da ke zuwa Abuja. Na zaci ruwan sama ne, na sa an hau an goge eriya har sau uku."

"Ba ruwa ba ne, Sista. Mutanen Abuja sun koma sabon adireshin intanet."

"To?"

"Madubina bai san shi ba. Shi ya sa na'ura take tare saƙon."

"Kai da ka je har ƙasar Sin ka kasa sanar da shi?"

"Malesiya."

"Duk shinkafa suke ci. Yara goma sha ɗaya ke jiran a ce musu ga magani."

Ya juya allon ya rubuta sunan Halilu. Ta karanta a hankali. Ta san Halilu, shi ya ɗaura mata eriyar a kan tankin ruwa.

"In na saki madubin, wannan zai fara tafiya," in ji Ishaq. "Ba ya zaɓe."

"Kwafe shi a takarda mana."

"Na kwafe. Takarda ba ta amsawa in an tambaye ta."

Agatha ta zauna a kan benci, ta cire takalmi tana kankare laka da tsinke. Ba ta tashi ba.

Ishaq ya sake rubuta sunan, ya karanta har ƙasa. Sannan ya saki madubin. Lambobin canje-canje suka riƙa gudu a allo, na kwana goma sha tara. Bai iya gane wanne ne na Halilu ba. Ko minti huɗu ba a yi ba.

Ya rubuta Halilu Dabo. Babu.

Wayar Agatha ta yi ƙara, daga asibiti ne, saƙonni sun fara tafiya. Ta leƙo ta kafaɗarsa lokacin da ya rubuta nasa sunan. Ishaq Dabo, Gidan Inna Sahura, bayan mahauta, Gummi. A kira bayan la'asar.

"Ba ka canza wannan ba," ta ce.

"Ba su tambaya ba."

Ta sa takalminta. Ya fita ya tsayar mata da mai mashin.